Mota Ta Kaɗe Shi: Wa Ke Da Ikon Cewa An Yafe?



Duk wanda ya taɓa zaman jinya a ɗakin masu karaya na wani babban asibiti ya san yadda zancen yake tafiya. Mota ta kaɗe mutum yana tsallaka titi, an kwaso shi, ƙafa ta karye gida biyu. Kwana ɗaya ko biyu sai ga direba ya zo dubiya, tare da maigidansa da wani dattijo daga tasha, da ledar lemo da ayaba. A gaisa, a jajanta. Dattijo ya ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Sai babban wan majiyyaci, ko kawunsa, ya gyara zama ya ce, "Haba Alhaji, ai ba komai. Ƙaddara ce. Mun yafe, Allah ya kiyaye gaba." A cusa 'yan dubbai a ƙarƙashin matashi, a shafa fatiha, a watse. Mai ƙafar kuwa yana kwance yana jin su. Ba wanda ya tambaye shi, ba kuma wanda ya zauna ya lissafa abin da za a kashe kafin ya sake taka ƙasa, balle a yi maganar wanda zai ciyar da gidansa a watannin da zai yi bai fita nema ba.

A kan wannan "mun yafe" nake son mu tattauna yau. Yafiya halin kirki ce, kuma ba ni da ja a kanta. Inda nake da ja shi ne mutum ya yafe abin da bai san girmansa ba, ko ya yafe abin da ba nasa ba. Sau da yawa duka biyun ne suke faruwa a bakin gadon nan.

Ba ƙaramin al'amari muke magana a kai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗuran hanya kowace shekara, kuma fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur, wato waɗanda babu ƙarfe tsakanin jikinsu da mota. Nahiyar Afirka ce ta fi kowace yawan mace-macen in aka auna da yawan jama'a. A nan Najeriya, Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, FRSC, ta ƙirga mutum 5,421 da suka rasu a hanya a 2024, kuma wannan waɗanda labarinsu ya kai gare ta ne kawai. Yaron da babur ya buge a lungu aka kai shi wurin mai ɗori ba ya cikin lissafin kowa.

Haƙƙin farko, kafin a zo maganar kuɗi ko kotu, shi ne magani. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 20, ta hana kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa, ko da wane irin dalili ne. Wanda ya ƙi, tara ce ta Naira 100,000 ko ɗaurin da zai iya kaiwa wata shida, ko duka biyun. Ita ma dokar FRSC ta 2007 ta sanya ƙin karɓar wanda ya yi haɗari cikin laifuffuka, da tarar Naira 50,000. Saboda haka zancen nan da aka saba ji, wai sai an kawo takardar 'yan sanda, ko sai an ajiye kuɗi kafin a taɓa mutum yana zubar da jini, ba shi da gindi a doka, asibitin gwamnati ne ko na kuɗi. A tsayar da jini tukuna, maganar takarda ta biyo baya. Lambar gaggawa ta FRSC ita ce 122, ta ƙasa baki ɗaya kuma 112. A ajiye su a waya.

Direba kuma doka ta ɗora masa ya tsaya, ya taimaka, ya kai rahoto. Na san abin da direbobin da ke saurarona za su ce: "Malam, in na tsaya ai sai dai a kwashi gawata." Suna da gaskiya a nan, kuma laifin namu ne mu 'yan kallo. Taron da ke rufar wa direba da duka ya cinna wa mota wuta yana ganin kamar ya rama wa wanda aka kaɗe, alhali cutarsa ya yi. An ƙone takardun motar da ke nuna kamfanin inshora, an ɓata shaidar da 'yan sanda za su auna, an mai da direban da ake bi haƙƙi ya zama shi ma mai ƙara, sannan an koya wa direba na gaba cewa gudu ya fi tsayawa. Direban da ya ga ransa na cikin haɗari, abin da ya dace ya yi shi ne ya zarce ofishin 'yan sanda mafi kusa ya miƙa kansa. Wannan daban yake da wanda ya taka mutum ya ɓace.

To, a nan ne ake yawan cakuɗa abu biyu. Haɗarin mota yana haifar da shari'a iri biyu, kowace da hanyarta. Ta farko tsakanin hukuma ce da direba: tuƙin ganganci, ko jawo asarar rai ta hanyar tuƙin ganganci, wanda a Dokar Manyan Hanyoyin Tarayya hukuncinsa ya kai ɗaurin shekara bakwai. Wannan ta 'yan sanda ce da mai gabatar da ƙara, kuma in an ci direba tara, aljihun gwamnati kuɗin zai shiga. Ta biyu ita ce ta wanda aka ji wa rauni, inda yake neman a biya shi asararsa. Wannan tasa ce shi kaɗai. An ba da belin direba, an saki mota, kai ko da 'yan sanda sun rufe fayil, haƙƙinsa na neman diyya yana nan bai faɗi ba. Mutane da yawa da zarar sun ga motar da ta kaɗe ɗansu ta dawo tana lodi a tasha sai su ce shi ke nan, an kashe magana. Ba a kashe ba, sai in su ne suka bar ta ta mutu.

Me kotu take dubawa? Sakaci. Doka ta ɗauka cewa duk wanda ya riƙe sitiyari akwai nauyi a kansa na kula da sauran masu amfani da hanya. In ya yi gudun da ya wuce ƙa'ida, ko yana latsa waya, ko ya fito da mota ya san birki ba ya ci, ko ya bi hannun da ba nasa ba, ko ya yi tuƙi cikin maye ko gyangyaɗi, har ya ji wa wani rauni, to ya saɓa wa wannan nauyi, kuma zai biya. Ƙa'idar gudu a cikin gari kilomita 50 ce a awa. Kada a raina ɗan abin da ake ƙarawa a kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa daga gudun kilomita 50 zuwa 65, yiwuwar mutuwar wanda mota ta buga tana ninkuwa sau huɗu da rabi. Yanzu ku tuna yadda ake sheƙa gudu a titin Zariya ko titin Katsina a Kano bayan sallar isha, ko yadda tirela ke ratsa garuruwan da babbar hanyar Kaduna zuwa Abuja ta raba gida biyu, kasuwa a wannan hannu, makaranta da masallaci a wancan.

Sai wani ya ce, ai shi ma mai tafiyar da laifinsa, ga gadar tsallakawa ya ƙi hawa, ya faɗo titi bai duba ba. Wannan hujja ce da kotu ke saurara, amma ba ta share haƙƙi gaba ɗaya. Abin da dokokinmu suka tanada shi ne a raba laifin. In alƙali ya ga mai tafiya yana da kashi 30 cikin 100 na sakacin, sai a rage wannan daga abin da za a ba shi, a biya shi sauran. Kuma ba a auna ƙaramin yaro da ma'aunin babba. Direban da ya ga 'yan makaranta sun taso, ko ya ga almajirai a bakin titi, ya kamata ya san ɗayansu zai iya faɗowa a guje, ya kuma rage gudu tun kafin a kai ga haka.

Akwai wata magana da ke karya gwiwar mutane: "Direban nan fa talaka ne ɗan'uwanka, me za ka samu a wurinsa?" Sau da yawa gaskiya ne, ba shi da ko sisi. Amma doka ba ta tsaya a kansa ba. In direba yana bakin aikin maigidansa ne lokacin da abin ya faru, to maigidan ma yana ɗauke da alhakin. Tifar da ta kaɗe ɗan garuwa tana da mai ita. Tankar mai tana da kamfani. Motar da ke raba burodi ko lemon kwalba tana da masu ita, kuma su ne ke cin ribar zirga-zirgarta. Da direba da mai mota ake haɗawa a ƙara.

Abin da ake nema kuwa ya wuce kuɗin allura. Akwai kuɗin asibiti da na magani da na hoton ƙashi da na zirga-zirga. Akwai abin da mutum ya rasa na sana'arsa a lokacin jinya. In raunin ya bar naƙasa, akwai abin da zai rasa har ƙarshen rayuwarsa, domin ɗan dakon da aka yanke wa ƙafa ba ƙafa kaɗai ya rasa ba, ya rasa abincinsa. Akwai kuma diyyar azabar da ya sha. In rai ya salwanta, iyalan da mamacin ke ciyarwa suna da ikon neman abin da suka rasa.

Yanzu mu zo kan abin da ya fi ba ni takaici, wato inshora. Kusan kowane mai mota a ƙasar nan yana da wata takarda a cikin takardun motarsa da ba ya fito da ita sai a shingen jami'an tsaro. In ka tambaye shi amfaninta zai ce ta hana kamu ce. To wannan takarda ba don ɗan sanda aka yi ta ba, ba ma don mai motar ba. Don mutumin da ke tsallaka titi aka yi ta. Mai mota ya biya kamfani, kamfani ya yi alkawarin cewa in motar nan ta ji wa wani rauni, ko ta kashe shi, ko ta lalata masa dukiya, shi zai biya. Tun 1945, zamanin Turawa, aka kafa dokar da ta wajabta wannan inshora a Najeriya. Daga 1 ga Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ɗaga kuɗinta daga Naira 5,000 zuwa 15,000 a shekara ga motar gida, ta kuma ɗaga abin da za a biya na ɓarnar dukiya daga Naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. A lura, wannan miliyan 3 ta dukiya ce. Rauni da rai lissafinsu daban ne. Babura da adaidaita sahu ma suna ciki. Daga 1 ga Fabrairun 2025 rundunar 'yan sanda ta shiga tilasta mallakar takardar a duk faɗin ƙasa, a watan Agustan 2025 kuma aka sanya hannu a kan sabuwar dokar inshora da ta haɗe tsofaffin dokokin wuri guda.

Ku duba abin da wannan yake nufi a bakin gadon asibiti. Lokacin da kawu ya ce "mun yafe" don tausayin direba, wa ya amfana? Direban da ma ba daga aljihunsa manyan kuɗin za su fito ba in takardarsa ta gaskiya ce. Wanda aka sauke wa nauyi shi ne kamfanin da ya karɓi kuɗi shekara da shekaru don irin wannan rana. Kamfanin bai zo dubiya ba, bai nemi gafara ba, bai ma san an yi ba. Ana iya yafe wa direba a zuci, a ce ba a son a ɗaure shi, a ci gaba da gaisawa da shi, sannan a nemi kamfani ya cika alkawarinsa. Babu cin karo tsakanin waɗannan biyun.

Sai dai fa in takardar ta gaskiya ce, kuma nan gizo ke saƙa. Takardun bogi sun yi yawa. Mutum ya ba wani ɗan kamasho kuɗi a bakin ofishin lasisi, a miƙo masa takarda mai tambari da sunan kamfanin da babu shi a duniya. Kamfanonin inshora suna da rumbun bayanai na bai ɗaya da ake kira NIID, inda ake sa lambar mota a waya a ga ko inshorarta tana raye da kuma kamfanin da ya bayar. Mai mota ya duba tasa yau, tun kafin tsautsayi, domin in ta bogi ce shi zai biya daga aljihunsa, ga kuma laifin tuƙi babu inshora. Dangin wanda aka kaɗe su ma su duba lambar motar, su rubuta wa kamfanin takarda da wuri su sanar da shi. In kamfani ya tsaya jan ƙafa, NAICOM tana da sashen karɓar koke. Wanda kuma zuciyarsa ba ta kwanta da inshorar da aka saba ba saboda addini, akwai ta tsarin Musulunci, takaful, da kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful ke yi da lasisin hukuma.

Da yake an zo maganar addini, bari mu daɗe a nan kaɗan, domin da sunansa ake rufe bakin mutane. Ana nuna kamar karɓar diyya rashin tawakkali ne, wasu har su ce cin kuɗin jini ne. Ban san inda aka samo wannan ba, amma ba daga littattafan da malamanmu ke karantarwa a zaure ba ne. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ita ce ta hukunta kisan kuskure, ta wajabta kaffara a kan wanda ya yi, da diyya da za a miƙa wa iyalan mamaci, sai in su ne suka bar ta sadaka. Kuskure fa aka ce, ba ganganci ba. Wato cewa direba bai yi da niyya ba ba ya ɗauke diyya, shi ne ma asalin inda ta wajaba. Cikakkiyar diyya raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000 na zinare, wanda ya kai kimanin kilo huɗu da kwata. Kowa ya tambayi farashin giram ɗaya a kasuwa ya yi lissafi da kansa, sannan ya kwatanta da abin da ake turawa ƙarƙashin matashi. Gaɓoɓi ma kowace da ƙimarta: hannu ɗaya rabin diyya, ƙafa ɗaya rabi, ido ɗaya rabi, yatsa raƙuma goma, haƙori biyar.

Littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda duk ɗalibin fiƙihu a ƙasar Hausa ya bi ta kansa, ya ɗora lamuni a kan mahayin dabba da mai jan ta da mai kora ta, in ta taka wani. An rubuta shi shekaru kusan dubu kafin a ƙera mota, amma hukuncin ya zauna daram a kan direba. A 1993, a zamanta na ƙasar Burunai, Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke ƙarƙashin Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta yanke cewa bin dokokin hanya wajibi ne, kuma direba yana ɗaukar alhakin abin da ya jawo, sai in abin ya fi ƙarfinsa ta yadda ba shi da hanyar kauce masa, ko wanda aka buge ne ya jawo da aikinsa, ko laifin wani ne daban.

Shari'a kuma ba ta bar wanda ya yi kuskure shi kaɗai da wannan nauyi ba. Diyyar kuskure a kan aƙila take, wato dangin mutum na wajen uba, su haɗa hannu su biya a hankali cikin shekara uku. Yau da dangi suka warwatsu, malaman wannan majalisa sun duba abin da zai maye gurbinsu, suka ambaci takaful da ƙungiyoyin sana'a. Ni a ganina nan akwai aiki a gaban ƙungiyoyin direbobi da na 'yan adaidaita. Kullum ana yankar tikiti a tasha. Da za a ware wani abu daga ciki don wanda ɗan ƙungiya ya kaɗe, da shugabannin tasha sun riƙa zuwa asibiti da abin da ya fi ban haƙuri.

Ga kuma gaɓar da ta fi muhimmanci. Diyyar mamaci gado ce, ana raba ta yadda ake raba gado. Matarsa tana da rabo, 'ya'yansa suna da rabo, mahaifiyarsa da mahaifinsa suna da nasu. Kowane baligi yana iya yafe rabonsa, Allah ya ba shi lada. Amma ba ya iya yafe na wani. Wan mamaci, wanda in akwai ɗa namiji ba ya ma cikin magada, da wane iko zai tsaya a gaban jama'a ya ce an yafe? An tambayi matar da ke cikin takaba, wadda gobe ita za ta nemi kuɗin haya da na makaranta? Rabon maraya kuwa ko waliyyinsa ba shi da ikon kyautar da shi, domin an ba shi riƙon dukiyar ne don ya tsare ta. Mutanen da ba za su taɓa yarda su sayar da gonar maraya ba su ne ke yafe diyyar ubansa a zaman makoki, suna ganin sun yi abin kirki. In kuma mutum yana raye rauni ya ji, maganar ta fi sauƙi: jikinsa ne, haƙƙinsa ne, shi za a tambaya, kuma a bari sai ya dawo hayyacinsa, likita ya faɗi inda raunin zai tsaya. Malaman Malikiyya ma cewa suka yi a jira rauni ya warke kafin a ƙimanta shi. Karayar da aka ɗauka ta wata biyu ce tana iya ƙarewa da yanke ƙafa.

Ba ina cewa kowa ya garzaya kotu ba. Shari'a a ƙasar nan tana cin lokaci da kuɗi, kuma sulhu alheri ne. Amma sulhu na gaskiya shi ne wanda aka yi da mai haƙƙi a zaune, an san abin da aka kashe da abin da ya rage, an rubuta, an sa shaidu. Kada kowa ya dangwala hannu a takardar janye magana a ranar farko ko ta biyu, musamman wadda aka rubuta da Turancin da bai iya karantawa ba. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta ƙasa, wadda aka kafa tun 1976, tana da ofisoshi a jihohi, kuma neman diyyar haɗari yana cikin ayyukan da dokarta ta ba ta.

Ko sulhu za a yi ko shari'a, da shaida ake cin nasara, kuma a sa'o'in farko ake samun ta ko a rasa ta. Wanda ke wurin ya ɗauki lambar motar, ya ɗauki hoton inda ta tsaya da sawun birki a kan kwalta. A karɓi lambar wayar mutum biyu ko uku da suka gani da idonsu, mai shayi ne ko mai faci. A tabbata 'yan sandan kula da hanya sun zo sun auna sun zana wurin. A ajiye kowane rasit, har na audugar da aka saya a kemis, domin kotu ta fi amincewa da kuɗin da aka nuna a rubuce a kan wanda aka ce an kashe da baki. Nan ne masu ɗauke majiyyaci daga asibiti su kai shi wurin mai ɗori ke yi wa kansu illa biyu. Ban raina masu ɗori ba, amma ba sa ba da rahoton likita, kuma in ƙafa ta ruɓe aka dawo da ita asibitin ƙashi na Dala a makare, lauyan kamfani zai ce ba motarsu ce ta jawo yankewar ba.

Sai lokaci. Doka ta yanka wa'adin shigar da ƙara, ya danganta da jiha, kuma in ya wuce ya wuce, komai gaskiyar mutum. Wanda ya fi tsanani shi ne in motar hukuma ce ta yi kaɗin tana bakin aiki: Dokar Kare Jami'an Gwamnati wata uku kacal ta bayar. Wata uku, mai karayar cinya bai ma fara dogara sanda ba. Saboda haka yayin da wasu ke jinya, wani daga cikin dangi ya ɗauki nauyin bin takardu tun makon farko.

Saura wanda aka buge aka gudu, ko wanda motar da ta kaɗe shi ba ta da inshora. Tsohuwar dokar inshora ta 2003 ta tanadi asusu don biyan irin waɗannan in sun mutu ko sun naƙasa, sabuwar dokar ma ta zo da asusun biyan waɗanda haɗarin hanya ya rutsa da su. A takarda abin ya yi kyau. Amma ku shiga kowace unguwa ku tambayi mai unguwa ko limami ta inda ake neman wannan kuɗi, ku ji amsar da za ku samu. Hukumar da ta iya tara jami'ai a kan titi don a tabbata kowa ya sayi inshora, ya kamata ta iya liƙa sanarwa da Hausa a ƙofar sashen gaggawa na kowane babban asibiti, mai bayanin inda wanda aka kaɗe zai je da takardun da zai riƙa.

Masu saurarenmu a Maraɗi da Damagaram da Tawa, ku tsarinku ya sha bamban, kuma a wannan gaɓa kun fi mu gata. Nijar tana cikin ƙasashen da ke bin dokar inshora ta bai ɗaya ta CIMA, wadda aka ƙulla yarjejeniyarta a Yawunde a 1992, tare da Kamaru da Chadi da wasu. Dokar ta ɗauko salon wata dokar Faransa ta 1985. A ƙarƙashinta, in mota ta ji wa mai tafiya a ƙasa rauni, kamfanin inshora ba zai kafa masa hujja da nasa sakacin ba, sai in da gangan ya jefa kansa don ya cutu. Kamfanin ne kuma doka ta ɗora wa ya gabatar da tayin biya cikin ƙayyadadden lokaci. Wato mutumin da aka kaɗe a Jibiya sai ya tabbatar da sakacin direba kafin ya ga ko kwabo, har a rage masa in yana da nasa laifin, amma wanda aka kaɗe a Ɗan Isa, can tsallaken iyaka, ba a ɗora masa wannan wahala ba. 'Yan majalisarmu da ke yawan tafiya ƙasashen Turai koyo aiki, wannan karon ba sai sun hau jirgi ba, motar haya daga Katsina ta isa.